Idan Harshen Babba Ya Yi Nauyi: Ciwon MS, Gyaran Magana da Rawar 'Yan Nguru da Gashuwa Mazauna Kudu

Mu da muke zaune a kurmi, da kunne muke ganin gida. Mutum yana Mil 12 ko Agege a Legas, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, sai ya yi wata shida bai taka Nguru ko Gashuwa ba, amma kusan kullum yana jin muryar mutanen gida a waya. Shi ya sa sau da yawa mu muke fara lura idan muryar wani ta canja. Na gida suna tare da shi dare da rana, canjin yana shigowa a hankali, ba sa ankara. Kai kuwa da ka yi sati biyu ba ku gaisa ba, kana ɗaga waya sai ka ji ƙanwarka tana jan magana kamar mai jin barci, ko tana yanka kalma gaɓa-gaɓa, ko muryarta ta dushe alhali ba mura take yi ba. Ka tambaya, a ce maka ai zafi ne, ko iska ce ta shafe ta, har an kai ta wajen malam.

Addu'a kam ba a raina ta. Amma akwai cututtukan ƙwaƙwalwa da laka da suke fara bayyana ta harshe, kuma akwai ƙwararrun da aikinsu kenan, koya wa babban mutum yadda zai sake sarrafa maganarsa. Ɗaya daga cikin cututtukan ita ce wadda likitoci ke kira maltiful sikilarosis, suna taƙaita ta da MS. Kada sunan ya rikita ku, ba ta da wata alaƙa da sikila.

Kafin komai, a raba gaggawa da wadda ba gaggawa ba

Idan magana ta rikice farat ɗaya, mutum yana lafiya ƙalau sai baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, to a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran sai Alhaji ya turo kuɗi daga Legas, ba a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu a baki, domin yana iya wucewa huhu. A sa shi a mota a nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko babban asibitin Gashuwa, ko duk asibitin da ya fi kusa. A yankinmu shanyewar ɓarin jiki ta fi MS yawa nesa ba kusa ba. Hawan jini ne babban mai jawo ta, kuma kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi ƙasar Bade, ga shi ciwon ƙoda da hawan jini tare suke tafiya.

Ita MS ba haka ta saba zuwa ba. Alamarta takan taso cikin awanni ko kwanaki, ta zauna wasu makonni, ta lafa, bayan watanni ko shekara wata alamar daban ta ɓullo a wani wurin.

Mece ce MS?

Ku dubi wayar lantarki. Akwai ƙarfe a ciki, akwai roba da ta lulluɓe shi. Haka jijiyoyin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa da laka suke, kowace tana da rigar kitse da ke sa saƙo ya yi gudu bai ɓace a hanya ba. A ciwon MS, garkuwar jikin mutum ce take kuskure ta afka wa wannan rigar, ta zaizaye ta, ta bar tabo nan da can. Saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa ko ido ko harshe sai ya makara, ko ya isa a gurguje, ko ya tsaya.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace cutar a birnin Paris a 1868, kuma cikin alamomi uku da ya lissafa har da maganar da ke fita a yanke, gaɓa bayan gaɓa. Ƙididdigar ƙungiyar MS ta duniya ta 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke fama da ita. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai. A Afirka kudu da Sahara ba ta da yawa, sai dai ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI ya sa ko waɗanda ke da ita ba kowa ake ganowa ba. Akwai kuma wata 'yar uwarta da ke kama jijiyar ido da laka, wadda ake yawan gani a baƙar fata, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Wannan ya sa dole sai likita ya tantance.

Banda magana, alamomin da aka fi gani su ne ido ɗaya ya dushe tare da ciwo in an juya shi, ganin abu biyu-biyu, sanɗarewa ko jin kamar tururuwa na yawo a hannu da ƙafa, tangaɗi, rawar hannu in an miƙa za a ɗauki abu, matsalar riƙe fitsari, da wata irin gajiya wadda barci ba ya kore ta. Ba a ɗaukar ta daga wani. Ba ta hana aure, ba ta hana haihuwa. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ɗungurungum ba, amma akwai masu rage yawan tasowarta, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka guda uku daga cikinsu a jerin muhimman magunguna.

Me ya sa ake ce mata iska?

Dalili biyu ne, kuma duka suna da bayani. Na farko, zuwa take ta tafi. A mafi yawan masu ita, kusan kashi 85 cikin 100, haka take farawa. Sai a yi hayaƙi ko a sha wani jiƙo daidai lokacin da dama za ta lafa da kanta, kowa ya ce magani ya ci. Bayan wata takwas ta dawo, a ce ai mutanen ne suka komo.

Na biyu shi ne zafi. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin masu wannan ciwo yana ƙara dushewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumin jiki ne ke jawo haka. Jijiyar da rigarta ta zaizaye, da zarar jiki ya ɗan ƙara zafi sai saƙo ya ƙara tafiyar hawainiya. To ku auna wannan da bazarar Nguru da Gashuwa, inda a watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40. Mace ta tashi da asuba tana magana tiryan-tiryan, da azahar bayan ta tsaya gaban murhu harshe ya yi nauyi, bayan la'asar ta watsa ruwa ta dawo daidai. Wanda bai sani ba zai ce da gangan take yi, ko kuma mutanen ɓoye ne masu fitowa da tsakar rana. Alhali zafi ne kawai, kuma ba wata sabuwar ɓarna ya yi ba, da jiki ya huce abin yake sauka.

Wannan ɗabi'a ta jingina ciwon ƙwaƙwalwa ga aljanu da sammu ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abin farin ciki, daga cikinmu ake samun masu warware ta. Dokta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ɗan asalin Nguru ne, kuma shi ya jagoranci kafa cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021.

Yadda take taɓa magana

Magana aikin gayya ce. Huhu ya turo iska, maƙogwaro ya mayar da ita murya, harshe da leɓɓa da ganɗa su sassaƙa ta ta zama kalma, ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya kuma ta daidaita lokacin kowa. Idan saƙo ya makara ga ɗaya daga cikinsu, sai gayyar ta watse. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu MS, ko ma fiye, suna samun wannan matsala a wani lokaci. Wani maganarsa ta cakuɗe kamar ya cika baki da tuwo, wani ta fita ta hanci, wani numfashi ya ƙare masa a tsakiyar jimla, wani muryar ta yi ƙasa har sai an kara kunne. Wasu kuma kalmar ce take ɓace masu, suna jin ta a bakin harshe amma ta ƙi fita.

Ga mai Hausa abin ya fi ciwo, saboda harshenmu ya dogara da abubuwa uku da wannan ciwo yake fara ci. Akwai haruffa masu lanƙwasa da ke buƙatar maƙogwaro da harshe su haɗu a daidai: kara da ƙara, bari da ɓari, daka da ɗaka. Akwai jan wasali: garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, a baki ne ake raba su. Akwai kuma hawa da saukar murya: kukan yaro da kukar miya. Idan muryar mutum ta miƙe ba hawa ba sauka, ko yana ba kowace gaɓa tsawo ɗaya, sai ma'ana ta rikice ko da ya furta kowane harafi. Shi ya sa atisayen da aka tsara da Turanci ba ya wadatar da mu. Sai an yi shi da yaren da mutum yake magana da shi a gida, Hausa ne, Badanci ne, Manganci ne ko Fulatanci.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: nauyin harshe ba taɓin hankali ba ne. Mutumin yana jin duk abin da ake faɗa a kansa.

Me mai gyaran magana yake yi?

Da yawa sun ɗauka aikinsa na yara ne masu in'ina ko waɗanda suka makara ba su fara magana ba. A'a, har da manya. Sana'a ce da ake karantawa a jami'a, kuma hukumar rajistar masu farfaɗo da marasa lafiya, wadda aka kafa da doka ta 38 ta 1988, ita ke ba su lasisi tare da masu gashin ƙashi. Ba allura yake yi ba, ba tiyata ba. Zai saurari mutum yana hira da karatu, ya duba motsin harshe da leɓɓa, ya auna tsawon numfashi, ya kalli yadda yake haɗiya, sannan ya tsara atisaye daidai da inda matsalar take. Ba zai mayar da rigar jijiyar da ta zaizaye ba, amma zai koya wa mutum yin amfani da abin da ya rage yadda za a fahimce shi. Ga irin abubuwan da ake yi:

Numfashi. A zauna a miƙe, a ja iska har ciki ya taso, a fara magana a kan iskar da ke fita, a tsaya a sake ja kafin ta ƙare. Kalma huɗu ko biyar a numfashi ɗaya sun fi goma da ƙarshensu zai nutse.

Rage gudu. A asibiti ana amfani da wani ɗan allo mai gida-gida, mutum yana taɓa gida ɗaya yana faɗin kalma ɗaya. Mu kuwa muna da carbi. Kalma ɗaya, ƙwaya ɗaya. Babu wanda zai kalli dattijo ko matar aure da carbi a hannu ya yi mamaki.

Buɗe baki sosai. A riƙa furta kowane harafi kamar ana magana da wanda ke tsallaken kogi, ana kallon madubi. A jera kalmomi masu kama da juna irin waɗanda muka ambata, wani ya juya baya ya saurara ya faɗi wadda ya ji. Duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya san mafitar haruffa, ya san karatu a tsanake. Wannan ilimin jari ne a nan, kuma karatun da mutum ya haddace tun yana yaro yakan fi saukin fita fiye da sabuwar magana.

Ɗaga murya. Mai wannan matsala sau da yawa yana jin kamar ihu yake yi, alhali da ƙyar ake jin sa. Ana horar da shi ya saba da sabon ma'auni. Idan muryar ta gaji, 'yar lasifikar nan ta ratayawa da masu tallan magani ke yawo da ita a kasuwa tana aiki, musamman ga malamin makaranta ko mai shago.

Zaɓen lokaci. Muhimmiyar magana, ciniki ne ko sulhu ko kiran waya, a yi ta da safe. Da rana a nemi inuwa, a jiƙa mayafi ko rawani, a sha ruwan randa, a bar wa wani girkin rana in da hali. Atisayen minti goma zuwa sha biyar sau biyu a rana ya fi na awa guda da zai kwantar da mutum. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan abin ya yi nisa, ana haɗawa da rubutu a waya, ko allo mai hotunan abubuwan buƙata kamar ruwa, banɗaki, magani, sallah. Wannan ba saduda ba ne. Hanya ce ta hana mutum zama kurma a cikin gidansa.

Haɗiya: inda haɗarin yake

Tsokokin da ke magana su ne ke haɗiya, don haka mai gyaran magana shi ne kuma mai duba haɗiya. Nauyin harshe yana sa mutum kunya, amma matsalar haɗiya tana iya kisa, domin abinci ko ruwa yana zarcewa huhu ya haifar da nimoniya. A lura da mai yawan ƙwarewa in yana shan ruwa, mai tari a kan abinci, wanda muryarsa ke yin kamar da ruwa a ciki bayan ya ci, mai tara loma a kumatu, mai rama ba dalili, ko mai yawan zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Abin mamaki, ga mutane da yawa ruwa zalla ya fi wuyar sarrafawa, saboda yana gangarawa kafin maƙogwaro ya rufe. Kunu ko koko mai ɗan kauri, fura da aka dama ta yi sumul ba gudaji, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, waɗannan sukan fi sauƙi. Masu wahala su ne masu warwatsewa da masu tauri: dambu, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, tsire, da bandar kifi mai ƙaya. Amma kowa da irin tasa, ƙwararre ne zai faɗi kaurin da ya dace. Abin da ya shafi kowa shi ne a ci a zaune a miƙe, ƙaramar loma, ba hira ana ci, ba ɗure, a zauna rabin awa kafin a kwanta, a kuma tsaftace baki bayan ci. Batun azumi a tambayi likita, addini ya riga ya yi wa mara lafiya sauƙi.

Kuma don Allah kada a kira wanzami ya cire beli ko ya yanke linzami. Matsalar ba a baki take ba, a hanyar saƙo take. Yankan ba abin da zai ƙara sai zubar jini da wahalar haɗiya.

Ina za a nufa, kuma mene ne namu a ciki?

Mataki na farko a gida yake. A ga likita a Nguru ko Gashuwa ko Asibitin Koyarwa na Damaturu, a ba shi labarin tun daga alamar farko, ko da ta shekara uku ce ta wuce, a nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Daga Nguru hanyar Haɗeja ta kai mutum Asibitin Malam Aminu Kano, wasu kuma Asibitin Koyarwa na Maiduguri ya fi masu. A can za a yi hoton MRI, wani lokaci a ɗebi ruwan laka ta gadon baya. Masu gyaran magana ba su da yawa a Najeriya, kuma a manyan asibitoci galibi a sashen kunne, hanci da maƙogwaro ake samun su, don haka a tambaya da baki, kada a jira sai an ambata. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa.

A nan ne zamanmu a kudu ya zama alheri. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana horar da masu wannan fanni. Asibitin UCH ba shi da nisa da Sabo, shi kuwa LUTH a Idi-Araba yake, maƙwabcin unguwar Hausawa. Wato ƙwararrun da ɗan uwanka zai yi tafiyar yini ya nema, kai keke ko bas ɗaya ce tsakaninku. Ga abin da za mu iya:

Mu adana murya. Ka sa mara lafiyar ya turo saƙon murya ta WhatsApp yana faɗin abu ɗaya, misali ƙirga ɗaya zuwa ashirin da kwanakin mako, sau ɗaya da safe sau ɗaya da rana, duk wata. Kada ka goge. Wannan shaida ce da likita zai ji da kunnensa.

Mu zama tafinta. Idan an kawo shi kudu, mai gyaran maganar wataƙila ba ya jin Hausa. Ka zauna tare da su, ka bayyana masa bambancin kara da ƙara, ku tsara jerin kalmomin tare. Ka nemi a rubuta atisayen, ka ɗauki bidiyo da izininsa, ka tambaya ko zai yarda a ci gaba ta kiran bidiyo bayan an koma gida. A zaɓi lokacin tafiya da ba na tsananin zafi ba, kuma kada a ɗora mara lafiya a bayan motar albasa ko ta shanu don rage kuɗin mota.

Mu naɗa mutum ɗaya a gida. Ɗa ne, ƙanwa ce, matarsa ce, wanda zai zauna da shi kullum a yi atisayen. Ba tare da wannan ba, duk kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Mu san inda kuɗinmu ke zuwa. Fanka mai sola da katin waya na kiran bidiyo sun fi wa mai MS amfani fiye da jarkar maganin da aka ce yana warkar da cuta arba'in. Duk wanda ya ce zai warkar da ita cikin sati biyu, aljihunka yake kallo. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da majalisun sarakunan Hausawa da ke haɗa kuɗin kai gawa gida, suna iya ware wani abu don mai rai da ke neman hoton ƙwaƙwalwa.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi kasawa. Idan ka kira, ka saurara. Kada ka ƙarasa mata magana, kada ka ɗaga murya kamar ba ta ji, kada ka ce "ba wa Yaya wayar" don ka gaji da jira. In ba ka gane ba, ka maimaita abin da ka ji, ka ce ta cika sauran. Yawancin masu wannan lalura ba ciwon ne yake rufe masu baki ba, ganin mutane sun ƙosa ne. Daga nan sai mace ta daina zuwa biki da suna, namiji ya daina zama majalisa, harshen da ba a motsa shi kuma ya ƙara nauyi.

Ranar 30 ga Mayu ce ranar MS ta duniya, daidai lokacin da zafi yake kan ganiyarsa a gida. Ba sai mun jira ta ba. Yau da safe, kafin rana ta take, ka kira wanda ka san muryarsa ta canja, ka ba shi lokaci ya gama abin da yake son faɗa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ce.